Yawon keke a karkara

Ranar Lahadi ce, da sanyin safiya. Yau babu makaranta. A bakin gari mutum goma sun taru ƙarƙashin wata bishiya, kowa riƙe da kekensa. Akwai manya biyu, sauran yara ne, maza da mata. Wannan yana buga iska, wancan yana ɗaure gorar ruwa, wata tana gwada birki. Ba kasuwa za su kai kaya ba, ba gona za su ba, ba kuma aikensu aka yi ba. To, ina za su? Za su yawon keke.

Yara, a wannan darasi za mu ga abin da ake nufi da yawon keke, inda ya samo asali, yadda ake shirya shi, da yadda ake zuwa lafiya a dawo lafiya.

1. Mene ne yawon keke?

Mutane suna hawan keke don dalili uku.

Na farko, don aiki. Manomi yana hawa zuwa gona. Mai garka yana kai salati da tumatir kasuwa. Ɗan makaranta da gidansu ke nesa yana hawa don kada ya makara.

Na biyu, don tsere. Masu tsere suna neman wanda zai riga kowa isa. A Faransa akwai babban tseren da ake kira Tour de France, wanda aka fara a shekarar 1903. A maƙwabciyarmu Burkina Faso akwai Tour du Faso, wanda aka fara a 1987.

Na uku, don yawo. Mai yawon keke ba ya tsere da kowa. Yana fita gari ranar hutu, ya bi hanyar ƙauye a hankali. Ya ga gonaki, ya ga tsuntsaye, ya sha iska, ya huta inda ya ga dama, sa'an nan ya komo gida. Wanda ya zo na ƙarshe bai faɗi ba, wanda ya zo na farko bai ci komi ba. Ribar kowa ita ce abin da idonsa ya gani da ƙarfin da jikinsa ya samu.

2. Daga ina keke ya fito?

Keken farko ba shi da feda. Wani Bajamushe mai suna Karl Drais ne ya ƙera shi da itace a shekarar 1817. Mutum yakan zauna a kai, ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Duk da haka, a gwajinsa na farko Drais ya yi wajen kilomita 14 cikin kamar awa ɗaya. Mai tafiya da ƙafa sai ya yi awa uku kafin ya kai haka.

Bayan 1860, a birnin Pari, wani maƙeri mai suna Pierre Michaux da ɗansa suka shiga ƙera kekuna masu feda a ƙafar gaba. Ƙafafun na itace ne da ƙarfe. In aka hau dutse, sai jikin mutum duka ya girgiza. Daga baya aka riƙa yin kekuna masu ƙatuwar ƙafar gaba da ƴar mitsitsiyar ta baya. Suna da sauri, amma wanda ya faɗo daga kansu yakan ji jiki.

A 1885, a Ingila, John Starley ya fito da keke irin wanda muka sani yau: ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya kawo taya mai iska. Ya fara yin ta ne don keken ɗansa ƙarami. Tun daga nan hawan keke ya yi daɗi, ya kuma rage haɗari. Maza da mata, yara da tsofaffi, kowa ya iya hawa.

3. Yadda yawon ya fara

A wancan zamani biranen Turai cike suke da masana'antu da hayaƙi. Ma'aikata suna wuni cikin ɗaki, ba su ganin daji. Da keke ya samu, sai mutane suka ga hanyar fita gari ba tare da doki ko jirgin ƙasa ba. A Ingila an kafa ƙungiyar masu yawon keke tun 1878.

A Faransa akwai wani mutum da ba a mantawa da shi. Sunansa Paul de Vivie, amma an fi saninsa da laƙabin Vélocio. An haife shi a 1853, ya zauna a garin Saint-Étienne, inda ake da tuddai masu yawa. Ya kafa jaridar masu keke, ya yi ta gwada dabarun canja giya don a iya hawan tudu ba wahala. Shi ya yaɗa kalmar Faransanci cyclotourisme, wato yawon buɗe ido a kan keke. Yakan gargaɗi abokan tafiyarsa su ci abinci kafin yunwa ta kama su, su sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama su, su kuma taƙaita tsayawa. Har ya tsufa yana tafiya mai nisa. A 1930 jirgin cikin gari ya buge shi a kan titi, ya rasu. Ku riƙe wannan: hanya ba ta san gwani ba.

A 1936 aka yi doka a Faransa cewa kowane ma'aikaci zai samu hutun mako biyu a shekara, kuma a biya shi. Yawancin ma'aikata ba su da mota. Sai suka ɗaure kaya a bayan keke, suka nufi ƙauyuka da bakin teku. Wasu ma suka hau keke mai sirdi biyu, miji a gaba, mata a baya, dukansu suna tuƙi.

Yau a ƙasashe da yawa yawon keke ya zama al'adar Asabar da Lahadi. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma an yi musu hanyoyinsu na kansu. A Faransa akwai hanyar keke mai tsawon wajen kilomita 900 da ke bin kogin Luwar. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

A ƙasashenmu ma keke ba baƙo ba ne. Wanda ya je Wagadugu zai ga mata da maza a kan keke, wata har da goyo. Mu ma muna da kekuna, muna da ranar hutu, muna da karkara mai kyan gani. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake yi.

4. Me ya sa keke ya fi ƙafa sauri?

Ku sunkuya ku duba keke da kyau. Wajen feda akwai babban faifai mai haƙora. A ƙafar baya akwai ƙaramin faifai, shi ma mai haƙora. Sarƙa ce ta haɗa su.

A ce babban yana da haƙora 48, ƙaramin yana da 16. In ka juya feda sau ɗaya, haƙora 48 na sarƙa sun wuce. Ƙaramin faifai kuwa sai ya juya sau 3, domin 48 a raba da 16 ya ba da 3. Ke nan ƙafar baya ta juya sau 3. Ƙafar babban keke in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kamar mita 2. Ashe juyin feda ɗaya ya kai ka mita 6. Da ƙafa kuwa, sai ka yi taku wajen 10 kafin ka ci mita 6.

Akwai wani dalili kuma. Mai tafiya da ƙafa yana ɗauke da nauyin jikinsa a kowane taku. Mai keke yana zaune, keke ne ke ɗauke da shi. Shi ya sa mai ƙafa yake yin kilomita 4 ko 5 a awa, mai keke kuwa yake yin 12 ko 15 ba tare da ya wahala ba.

Amma keke yana da abokan gaba biyu: rairayi da iska. Cikin rairayi taya tana nutsewa, dole a sauka a tura. Iska kuma in tana fuskantarka, sai ka ji kamar tudu kake hawa. Lokacin hunturu iska tana busowa daga gabas maso arewa. Wanda ya nufi gabas da safe zai sha aiki, amma a komowa iska ce za ta riƙa tura shi.

5. Misali: daga Damagaram zuwa Mirriya

Mu ɗauki misali guda. Garin Mirriya yana gabas da Damagaram, tsakaninsu kilomita 18 ne. An san shi da garake, da tsofaffin kukoki, da masu ginin tukwane da tuluna. Kasuwarsa tana ci ranar Lahadi.

In ana yin kilomita 12 a awa, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. A ƙara hutu biyu na minti 15, ta zama awa 2. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na safe zai isa ƙarfe 9, kafin rana ta yi zafi. Ya wuni a inuwa, ya ga kasuwa, ya ci abinci. Ƙarfe 3 da rabi ya kama hanya, ƙarfe 5 da rabi yana gida, kafin rana ta faɗi.

Me zai gani a hanya? Zai bar manyan duwatsun Damagaram a bayansa. Zai ga gonakin hatsi da aka girbe, da shanu suna kiwo cikin kara, da balbela biye da su. Zai ga gawo. Ku lura da wannan itace: da rani yake da ganye, da damina kuwa sai ya kakkaɓe, shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashinsa yake samun rana da taki. Zai ga amalanke da jakuna da raƙuma sun nufi kasuwa. Wanda ke cikin mota duk wannan yakan wuce shi kamar walƙiya. Mai keke kuwa yana iya tsayawa ya duba, ya yi tambaya.

Zuwa da komowa kilomita 36 ke nan. Wannan tafiyar manyan yara ce, waɗanda suka saba. Sabon shiga ya fara da kilomita 4 ko 5, zuwa ƙauyen da ke kusa. Mako mai zuwa ya ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowane gari yana da irin tasa Mirriya. Mutanen Maraɗi suna da Tibiri, inda fadar Sarkin Gobir take, da garaken Jiratawa. Ku fa, wane wuri ne kusa da garinku da kuke jin labarinsa, ba ku taɓa gani ba?

6. Shirin tafiya

Shiri tun jiya ake yin sa, ba da safe ba.

Da farko, izini. Yaro ba ya fita gari sai iyayensa sun yarda. A gaya musu inda za a, hanyar da za a bi, da lokacin komowa. Su ne suka san hanyar da ke lafiya da wadda ba a bi. Kuma dole a tafi da babba: malami, ko uba, ko yaya.

Na biyu, lokaci. Watannin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su suka fi dacewa. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, ba a doguwar tafiya. Da damina a kula da hadari, kuma kada a ratsa ƙorama mai gudu ko da ruwan bai kai gwiwa ba. Ranar da hazo ya yi yawa a fasa fita, domin direba ba ya hango mai keke.

Na uku, duba keke. Abu biyar ake dubawa:
Birki: a matse na gaba da na baya, a tura keke. In ya tafi, birki bai kama ba.
Taya: a danna da babban yatsa. In ta lotsa, a ƙara iska.
Sarƙa: a goge ƙura, a ɗiga mai kaɗan.
Sirdi: in kana zaune, ƙafarka ta kusa miƙewa sa'ad da feda take ƙasa.
Kusoshi: a ɗaga keke a girgiza. Abin da ya yi ƙara, a ɗaure shi.

Na huɗu, guzuri. Kowa ya riƙe ruwa mai tsabta, aƙalla lita 2. A naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma don ruwan ya yi sanyi. A ɗauki abincin da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, burodi, ko garin rogo. A sa hula ko malafa, da takalmi mai rufe yatsu. Wanda ke da hular kwano ya sa ta, domin ita ke kare kai in an faɗi. Ƙungiya kuma ta riƙe famfo ɗaya, da faci, da sholisho, da sifana, da bandeji.

A kula da tufafi. Bakin wando mai faɗi, ko zane, ko dogon gyale, sarƙa tana iya kama su ta kayar da mutum. A naɗe su, a ɗaure da kyau.

7. Dokokin hanya

Keke abin hawa ne kamar mota, dokar hanya ta hau kansa. Amma mai keke ba shi da ƙarfe kewaye da shi. Jikinsa ne ke karɓar duk abin da ya faru. Saboda haka ku haddace waɗannan:

A bi hannun dama, can gefe.
A yi layi ɗaya, wannan bayan wannan. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira.
Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya. Ba mai wuce na gaba, ba a barin kowa bayan na baya.
A bar tazarar tsawon keke biyu tsakanin juna. In na gaba ya taka birki, na baya ya samu wurin tsayawa.
Kafin a juya, a waiga, a miƙa hannu wajen da za a bi.
In babbar mota ta taho, a sauka daga kwalta a tsaya. Iskarta kaɗai tana iya jefar da yaro.
Ba a kama bayan mota ko amalanke don su ja mutum.
Ba a sakin hannu don a burge abokai. Ba a goyon mutum a kan ƙarfen gaba.
A gangare, a matse birki biyu tare, a hankali. Wanda ya danne na gaba shi kaɗai da ƙarfi, zai tashi ta saman keke.
In an iske garken dabbobi, a sauka a jira su wuce.

Hanyar Damagaram zuwa Mirriya yanki ce ta babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa. Manyan motoci suna binta dare da rana. A irin wannan hanya ba a wasa ko kaɗan. Inda akwai ƙaramar hanya mai tauri da ke bi ta gonaki, ita ta fi.

Ƙungiya tana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa rauni. In ƙaramin cikinku ya gaji, kowa ya tsaya. Tare aka fita, tare za a komo.

8. Rana da ƙishirwa

Sa'ad da nake sabon malami a wani ƙauye, na taɓa tashi a keke zuwa gari cikin watan Afrilu. Na makara, ban fita ba sai wajen ƙarfe 11. Ƴar gora ɗaya na riƙe. Na ce a raina, ni saurayi ne, me rana za ta yi mini? Ban yi rabin hanya ba ruwa ya ƙare. Can sai taya ta sace. Na shiga tura keke cikin rairayi. Kaina ya fara sarawa, idona yana ganin duhu-duhu, ƙafafuna suna rawa. Da ƙyar na kai gindin wani gawo na zube.

Wata tsohuwa mai tallar nono ce ta iske ni. Ta ajiye ƙwaryarta ta ce: «Malam, wa ya aike ka cikin wannan rana?» Na ce: «Inna, ba kowa, ni na aiki kaina.» Ta ba ni ruwa, ta ce in sha kaɗan-kaɗan. Ta jiƙa mini hula, ta dama mini fura. Sai da la'asar na iya tashi. Da ba ta biyo ta wurin ba, ban san yadda za ta ƙare ba. Yau shekaru da yawa ina zagaya makarantu, amma ban sake fita da tsakar rana ba, ban kuma sake raina ruwa ba.

Ga abin da ya faru da ni. Mai tuƙa keke jikinsa yana zafi, sai ya yi gumi don ya huce. Gumi ruwa ne da gishiri. Iska tana busar da shi nan da nan, mutum bai san yana zubar da ruwa ba. In ruwan jiki ya ragu ƙwarai, sai ciwon kai, da jiri, da kasala su zo. Fitsari ya ragu, ya yi ja.

In haka ta samu ɗayanku, ku kai shi inuwa, ku kwantar da shi, ku sassauta masa tufafi, ku jiƙa masa kai da wuya, ku yi masa fifita. Ku ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In akwai sukari da gishiri, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ya suma, ko yana magana ba kan gado, kada a ɗura masa komi a baki. A nemi taimako, a kai shi likita maza-maza.

Wani gargaɗi kuma: in kun iske tabki, kada zafi ya sa ku faɗa ciki. Ba ku san zurfinsa ba. Ban da haka, cikin ruwan kwance ne ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Kada kuma ku sha ruwan tabki.

9. In taya ta sace

Dajinmu akwai ƙaya: ta aduwa, ta bagaruwa, da tsidau mai kwanciya a ƙasa. Duk mai yawon keke wata rana zai yi faci. Ba abin kuka ba ne. Ga yadda ake yi:

A kifa keke, a ɓanɓare gefen taya, a zaro tub.
A buga masa iska, a tsoma cikin ruwa. Inda kumfa ke fita, nan hujin yake. In babu ruwa, a kara tub kusa da kunci, za a ji iska.
A share wurin ya bushe, a kankare shi kaɗan.
A shafa sholisho, a jira ya sha iska har ya daina danƙo a yatsa.
A manna faci, a danne da ƙarfi.
A shafa cikin taya da yatsa a hankali, a cire ƙayar. Wanda ya manta wannan, zai sake faci kafin ya yi nisa.
A mai da tub, a rufe taya, a buga iska.

Ku je wurin mai gyaran keke na unguwarku, ku gaishe shi, ku roƙi ya bar ku ku kalli aikinsa. Gani ya kori ji.

10. Ladabin baƙo

Karkara ba fili ba ne marar mai shi. Kowace gona da mai ita, kowace rijiya da masu ita. Mai yawon keke baƙo ne, sai ya riƙe ladabin baƙo.

In za ku shiga ƙauye, ku rage gudu saboda ƙananan yara da kaji. In kun iske dattawa zaune, ku sauka ku gaisa. Ba a gai da babba daga kan sirdi. Ku ce: «Salamu alaikum, Baba, ina kwana? Mu ƴan makaranta ne, yawon ganin gari muka zo.» In kuna son ruwa, ku roƙa. In kun ɓata, ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Kada ku ratsa shuka da keke. Kada ku tsinki mangwaro ko gwaba a garkar mutane. Kada ku kori dabbobi, kada ku taɓa sheƙar tsuntsu. Kada ku hura wuta a daji, domin da rani ciyawa busasshiya ce, kuma ita ce abincin dabbobi har ruwa ya sauka. Ledar da kuka ci abinci a ciki, ku komo da ita gida. Akuya ko saniya in ta haɗiye leda, tana iya mutuwa. Ku bar wuri yadda kuka same shi, don in kun sake zuwa a yi murna da ganinku.

11. Amfanin yawon keke

Yawon keke yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙafafu. Wanda ya yi shi yakan ci abinci da daɗi, ya yi barci mai nauyi. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara.

Yana kuma koyarwa. Abin da kuka karanta a aji game da tudu da kwari, da itatuwa, da gabas da yamma, a hanya za ku gan shi da idonku. Ɗan birni zai san wahalar da ke bayan tuwon da yake ci. Zai ga inda tulun gidansu ya fito.

Wanda ba shi da keke fa? Kada a bar shi. A yi aro, ko a zaɓi wuri na kusa a riƙa karɓa-karɓa, wasu a ƙasa, wasu a kan keke. Wanda aka ba aro kuma ya mai da shi a goge, da iska a taya, da godiya.

Mu riƙe

Yawon keke ba tsere ba ne. A nemi izini, a tafi da babba. A duba keke tun jiya. A fita da sassafe, a komo kafin duhu. A bi dama, a yi layi ɗaya. A sha ruwa kafin ƙishirwa. A girmama mutanen karkara da dukiyarsu.

Kalmomi

keke: le vélo, la bicyclette
yawo: la promenade
karkara: la campagne
birki: le frein
sarƙa: la chaîne
sirdi: la selle
taya: le pneu
tub: la chambre à air
famfo: la pompe
ƙishirwa: la soif

Mu amsa tambayoyi

1. Mene ne bambancin tseren keke da yawon keke?
2. Wane ne ya kawo taya mai iska? A wace shekara?
3. Me ya faru a Faransa a 1936? Me ya sa ma'aikata suka tafi hutu a kan keke?
4. Faɗi abu biyar da ake dubawa a jikin keke kafin tafiya.
5. Me ya sa ake sauka daga kwalta in babbar mota ta taho?
6. Waɗanne kurakurai biyu malamin nan ya yi ranar da rana ta buge shi?
7. Me za ka yi in abokinka ya ce yana jin jiri?

Mu yi lissafi

1. Babban faifai yana da haƙora 44, ƙaramin yana da 22. Sau nawa ƙafar baya za ta juya in an juya feda sau 10?
2. Wani ƙauye yana da nisan kilomita 6. Ana yin kilomita 12 a awa. Minti nawa za a yi kafin a isa?
3. Mutum 10 za su tafi, kowa da lita 2 ta ruwa. Lita nawa ke nan duka?

Mu yi aiki

Ku kasu kashi-kashi. Kowane kashi ya zaɓi wuri ɗaya kusa da garinku. Ku tambayi manya nisansa da yanayin hanyarsa. Ku zana taswirar hanyar a allo, ku nuna inda akwai inuwa da inda akwai rijiya. Ku rubuta lokacin tashi, da lokacin komowa, da jerin guzuri. Sa'an nan ku karanta wa ƴan aji abin da kuka shirya, da Hausa, kuma da Faransanci.